An ƙi ɗibar jininka? Ba lallai ne ciwo ya sa ba

Mutane da dama sun ɗauka duk wanda aka mayar daga wurin bayar da jini, to ƙanjamau ko ciwon hanta aka gano masa. Ba haka ba ne. Sau da yawa lafiyarka ake karewa. Za a ɗora ka a sikeli, a soki ɗan yatsanka a auna ƙarfin jinin. In nauyinka bai kai kilo 50 ba, ko jinin ya yi ƙasa, cire mililita 450 zai iya galabaitar da kai. Haka ake dakatar da mai ciki, da mai shayarwa, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba. Abin takaici, wasu ba sa komawa, alhali galibi dakatarwar ta ɗan lokaci ce. Ka tambayi ma'aikacin dalili, da ranar dawowa.