Waiwaye: Tun kafin rigimar banɗaki aka yi ta tufafi

Mai bin labaran Amurka zai ɗauka jiya-jiya aka fara cece-kuce kan ɗaliban sakandare da ke fitowa fili su ce jinsin da aka haife su da shi ba shi suke ji a ransu ba. Yau ana jayayya kan banɗaki, gobe kan wasanni. Alhali maganar ta kwana biyu.

A 1952 jaridun New York suka cika da labarin Christine Jorgensen, wadda aka yi wa aikin sauya jinsi a Denmark. A 1972 aka yi dokar hana wariyar jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. A 1993 Minnesota ta zama jiha ta farko da dokarta ta kare masu sauya jinsi. Sai dai ba a cika tuna yara ba a lokacin.

Inda na fi so mu tsaya shi ne shekarar 2000, a jihar Massachusetts. Akwai wata ɗaliba mai shekara 15 da aka haifa namiji, take zuwa aji da kayan mata. (Hausa dole ta ce "shi" ko "ita", na bi yadda kotu ta kira ta.) Sai makaranta ta koma duba shigarta kowace safiya, in ba ta yi ba a mayar da ita gida. Fashin ya yi yawa har ta maimaita aji. Kakarta, wadda ke riƙon ta, ita ta tsaya mata a kotu, kuma a watan Oktoba alƙali ta ce a bar ta ta sa kayan da aka yarje wa sauran 'yan mata. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne shekara guda ta karatu da ta salwanta, don kawai manya ba su shirya wa ranar ba.

Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. California ta yi dokarta a 2013, wadda ta ba ɗalibai damar shiga banɗaki da wasannin jinsin da suke ji a ransu. Tarayya ta ba makarantu umarni makamancin wannan a 2016, aka janye shi a 2017. A 2024 California ta hana tilasta wa malamai su sanar da iyaye batun sauya jinsin ɗalibi ba da yardarsa ba, iyaye kuma suka garzaya kotu.