Renon Ɗan Kwikwiyo

Renon ɗan kwikwiyo shi ne kulawa da horon da ake bai wa ƙaramin kare tun daga ranar da aka raba shi da uwarsa har ya kammala girma, abin da kan ɗauki kusan shekara guda a ƙananan nau'o'in karnuka, ya kuma kai wata 18 zuwa 24 a manya-manyan nau'o'i. Aikin ya ƙunshi ciyarwa, da rigakafin cututtuka, da koya wa dabbar zama da mutane da sauran dabbobi. Galibin kura-kuran da sababbin masu kiwo ke yi suna komawa ne ga lissafin lokaci, domin halayen da karen zai rayu da su shekara 10 zuwa 13, wato matsakaicin tsawon rayuwarsa, suna kafuwa ne cikin 'yan makonnin da mai shi ke ɗauka cewa na wasa ne kawai.

Makonnin farko a wurin uwa

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, kuma 'ya'yanta suna zuwa duniya idanunsu da kunnuwansu a rufe. Idanun kan buɗe tsakanin kwana 10 da 14, ji kuma ya biyo baya kaɗan. Dakashin da suke sha a ranar farko shi ne ke ba su mafi yawan garkuwar jikin da za su dogara da ita a makonnin farko. Yaye yakan fara ne daga mako na 3 zuwa na 4, amma cin abinci mai ƙarfi ba ya nufin ɗan kwikwiyon ya isa barin gida. A cikin wasan kokawa da 'yan uwansa ne yake fara gane iyakar cizo: idan ya dantsa wa ɗan uwansa haƙori da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar kada a ɗauke shi kafin ya cika mako 8, kuma a Ingila doka ta hana masu kiwo na kasuwanci sayar da wanda bai kai haka ba.

Lokacin sabo

Babu wani ɓangare na renon da ya kai wannan muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi yin sake da shi. Daga kusan mako na 3 zuwa na 12 ko 14, ɗan kwikwiyo yana karɓar baƙon abu cikin sauƙi, son sanin abu yana rinjayar tsoronsa. Bayan wannan lokaci lamarin yakan juya, ya fara ɗari-ɗari da duk abin da bai taɓa gani ba. John Paul Scott da John Fuller ne suka fi yin fice wajen bayyana wannan mataki, bayan dogon binciken da suka yi a cibiyar Jackson da ke jihar Maine a Amurka, wanda suka wallafa sakamakonsa a 1965. Wani gwaji da aka buga a 1961 ya nuna cewa 'yan kwikwiyon da aka bari tare da uwarsu ba tare da hulɗa da mutum ba har mako 14 sun tashi suna gudun mutane, kuma horon da aka yi musu daga baya bai gyara su sosai ba.

Ma'anar wannan ga wanda ya karɓi ɗan kwikwiyo mai mako 8 ita ce abin da ya rage masa bai wuce mako huɗu zuwa shida ba. A cikinsu ake so dabbar ta ga maza da mata, yara da tsofaffi, mai sanda da mai hula, ta ji ƙarar mota da babur da rugugin tsawa, ta taka yashi da ciyawa da daɓen siminti, ta kuma shiga mota. Yawan abubuwan ba shi ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne kowace haɗuwa ta ƙare ba tare da firgita ba. Ɗan kwikwiyon da ya maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar leɓe ko yana hamma ba don barci ba, yana nuna cewa abin ya fi ƙarfinsa, kuma daidai shi ne a ja da shi baya zuwa inda zai iya kallo hankali kwance. Tura shi cikin taron yara don wai ya saba yakan haifar da akasin abin da ake nema.

A wannan lokaci ne kuma ake saba masa da taɓi. Wanda aka riƙa kama masa ƙafa, ana duba kunnensa, ana ɗaga leɓensa a ga dasashi, ana kuma ba shi ɗan abin daɗi bayan kowane, ba zai zama abin fama ba ranar da za a yanke masa farce ko a ɗura masa magani yana da nauyin kilo 30.

Rigakafi da tsutsar ciki

Alluran da ake ɗauka wajibi ga kowane ɗan kwikwiyo su ne na cutar farbo, da distemfa (cuta mai yaɗuwa da ke taɓa numfashi da hanji da jijiyoyin kare), da ciwon hanta mai yaɗuwa na karnuka, sai kuma ta haukan kare a ƙasashen da cutar take. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ba da shawarar a fara daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16 ko fiye. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da ya samu daga dakashi tana iya kashe ƙarfin allurar, kuma lokacin da take gushewa ya bambanta daga wannan ɗan kwikwiyo zuwa wancan. Saboda haka allura ɗaya ba ta wadatar, ko da dabbar tana cike da kuzari.

Farbo, wadda ta bazu a duniya a 1978, tana kawo amai da zawo mai jini, tana iya kisa cikin 'yan kwanaki, ƙwayar cutar kuma takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. A nan ne mai kiwo ke shiga tsaka mai wuya, domin lokacin sabo yana ƙarewa kafin a kammala allurai. Kulle ɗan kwikwiyo a ɗaki har wata huɗu yana kare shi daga cuta amma yana iya barin sa matsoraci. Hanyar da masana halayyar dabbobi suka fi yarda da ita ita ce a riƙa ɗaukar sa a hannu zuwa waje, a haɗa shi da karnuka masu lafiya waɗanda aka tabbatar an yi musu allura, a kuma nisantar da shi daga wuraren da karnukan da ba a sani ba ke bahaya.

Allurar haukan kare kan zo ne daga mako 12, kuma amfaninta ya wuce karen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma karnuka ne silar kusan kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane. Ita kuwa tsutsar ciki, 'yan kwikwiyo da yawa da ita ake haihuwar su, domin tana ratsawa daga uwa tun suna ciki, tana kuma bi ta nono. Ana fara ba da magani tun suna mako 2, a maimaita duk bayan mako biyu a farkon rayuwa, sannan wata-wata har wata 6. Maganin kaska da ƙuma kuwa sai an duba shekaru da nauyin karen da aka rubuta a jikin maganin.

Koyon wurin bahaya

Mafitsarar ɗan kwikwiyo ƙarama ce, kuma ikon riƙe fitsari yana zuwa ne da girma. Masu horo suna amfani da wani lissafi na kusa-kusa, cewa yana iya riƙewa awa ɗaya kan kowane wata na shekarunsa, watau mai wata biyu ba zai wuce awa biyu zuwa uku ba, har da dare. Lokutan da ba sa kuskure su ne da zarar ya farka, da bayan cin abinci, da bayan wasa. Idan aka ga ya bar abin da yake yi, ya sa hanci ƙasa yana shinshina yana zagaye, saura daƙiƙu kaɗan ne. Sai a kai shi wuri guda da aka ware, a jira, a yaba masa a daidai lokacin da ya gama.

Dukan sa ko cusa masa hanci a cikin ƙazantar da ya yi awa guda da ta wuce ba ya koya masa komai, domin ba ya haɗa hukunci da aikin da ya riga ya wuce. Abin da yake koya shi ne yin bahaya a gaban mutum haɗari ne, sai ya koma yi a bayan kujera. Sunkuyar da kai da karkatar da ido da mutane ke ɗauka alamar ya san laifinsa, binciken Alexandra Horowitz na 2009 ya nuna cewa martani ne ga faɗan mai shi, don karnukan da ba su yi laifin ba ma sun yi hakan da aka yi musu tsawa. Wurin da ya ɓata kuma sai an wanke shi har warin ya fita sarai, in ba haka ba zai koma can.

Cizo da tauna

Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28 masu tsini kamar allura, yana fara famfara daga wata 3 zuwa 4, kuma kafin wata 7 ya cika haƙoransa 42 na girma. A tsakanin nan dasashinsa yana ƙaiƙayi, saboda haka takalmi da ƙafar kujera da wayar lantarki duk abin tauna ne a wurinsa. Ba a hana tauna, ana dai sauya masa abin taunawa, a kuma kawar da abin da ba a so ya taɓa. Idan ya kama hannu, a tsayar da wasa nan take na ɗan lokaci, kamar yadda 'yan uwansa suke yi masa. Wani abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne barci: yana buƙatar awa 18 zuwa 20 a rana, kuma ɗan kwikwiyon da ya haukace da cizo da guje-guje da yamma sau da yawa gajiya ce ta yi masa yawa.

Horo da batun shugaban garke

An daɗe ana koya wa masu kare cewa dole su nuna masa su ne shugaban garke, ta hanyar danne shi a ƙasa ko fizgar wuyansa. Tushen wannan ra'ayi binciken Rudolph Schenkel ne na 1947 a kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji, waɗanda ba dangin juna ba ne. David Mech, masanin kyarketai wanda ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin a 1970, shi da kansa ya gyara shi a 1999, bayan ya ga cewa garken kyarketai a daji iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu. A yau ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka tana goyon bayan horo ta hanyar lada, inda ake saka wa dabbar da abinci ko wasa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da yin abin da ake so. Darasi na minti uku zuwa biyar sau da yawa a rana ya fi dogon zama guda.

Abin da ya fi rusa horo shi ne saɓanin mutanen gida. Idan wani ya hana shi hawa gado wani ya kira shi, ko ana dariya idan ya ɗafe mutum da ƙafafun gaba yana ƙarami, to babu dalilin da zai sa ya daina bayan ya yi girman da zai iya kayar da yaro. Gurnani kuwa gargaɗi ne, kuma karen da aka hukunta har ya daina gurnani yana iya zama mai cizo ba sanarwa.

Abinci da abubuwa masu guba

Ana ciyar da shi sau huɗu a rana har kusan wata 3, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu. Sauya abinci farat ɗaya yana kawo zawo, shi ya sa ake cakuɗa sabo da tsoho a hankali cikin mako guda, kuma madarar shanu ma takan ɓata masa ciki. Manyan nau'o'i suna cutuwa da ƙiba da yawan sinadarin kalsiyam, waɗanda ke lalata girman ƙashi da gaɓɓai. Cakulan, da inabi da zabibi, da albasa da tafarnuwa, da zaƙin zailitol da ake sawa a wasu cingam, duk guba ne ga kare, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su aibufurofen da farasitamol, ba a ba shi su sai da umarnin likitan dabbobi.

Kaɗaici da balaga

Ɗan kwikwiyon da bai taɓa zama shi kaɗai ba a makonninsa na farko yakan shiga damuwa ranar da kowa ya fita, ya yi ta haushi, yana kartar ƙofa, yana yayyaga kaya. Ana koya masa kaɗaici ne da minti ɗaya ko biyu, a wurin kwanansa, da abin tauna a gabansa, sannan a riƙa ƙara lokacin kaɗan-kaɗan. Kejin kwana yana taimakawa muddin ba a mai da shi wurin hukunci ba.

Daga kusan wata 6 zuwa 18 kare yana shiga balaga, kuma a nan ne masu shi da yawa ke zaton duk wahalarsu ta tashi a banza, domin wanda a da ake kira ya sheƙo da gudu yanzu sai ya waiwayo ya ci gaba da harkarsa. Binciken da Lucy Asher ta jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya gano cewa karnuka masu wata 8 sun fi yin biris da umarnin mai kula da su fiye da lokacin da suke wata 5, alhali suna bin umarnin baƙo. Matakin yakan wuce idan aka ci gaba da horon yadda aka saba, aka kuma riƙe karen da doguwar igiya a fili har kiransa ya sake tabbata. Macen kan iya shiga lokacin barbara na farko tun tana wata 6, saboda haka shawarar yi mata aikin hana haihuwa, ko yi wa namiji fiɗiya, ana tattauna ta da likita kafin wannan lokaci, domin shekarun da suka dace da aikin sun danganta da nau'in karen da girman jikinsa.