Basira ba gadon dangi ko launin fata ba ce

An daɗe ana cewa a Maraɗi wai ƴaƴan wasu gidaje sun fi wasu kwanya tun daga haihuwa, shi ya sa ɗan alhaji ke kaiwa jami'a, ɗan manomi kuwa ya tsaya a hanya. Wannan kuskure ne. Ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa ne musamman cikin kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, kuma tamowa da ƙarancin sinadarin ayodin a wannan lokaci suna rage mata ƙarfi. Yaron da ya kwana da masassara, ya sha kunu tsararo, ya zauna bisa tabarma a ajin zana, ba adalci ba ne a gwada shi da wanda ya karya da madara da ƙwai.

Batun launin fata ma haka yake. A Afirka ta Kudu, dokar ilimin Bantu ta 1953 ta ware wa yara baƙar fata makarantu marasa gata da gangan, alhali ana ta zuba kuɗi a na Turawa. A Amurka kuwa, sai a 1954 kotun ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launi.