Waiwaye: Yadda Launi Ya Shiga Baƙin Allo

Gardama ta sake tashi a tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja a nan Jos, a kan launin rubutun da manhaja ke fitarwa a taminal, wato baƙin allon nan da muke buga umarni a cikinsa. Wasu na cewa manhajar da ba ta nuna kuskure da ja, ta nuna nasara da kore, ba ta gama haɗuwa ba. Wasu kuma sun ce ado ya yi yawa har ya fara cin aiki. Duk ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya abin ya faro, kamar kayan aiki irin su Colorama da Chalk da Rich ne suka zo da shi. Alhali tushen maganar ya girmi yawancin masu gardamar da shekaru ashirin ko fiye.

Abu biyu ne suka sa na koma baya na bi sawun lamarin. Na farko a aji ya faru, wajen Farin Gada, da tsakar rana. Na haska allon kwamfutata da majigi, na buga umarnin ls don ɗalibai su ga jerin manyan fayiloli, wato folda-folda. Sai wata ɗaliba daga kujerun baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah ina sunayen? Mu nan baƙi kawai muke gani." Sunayen suna nan, da shuɗi mai duhu a kan baƙi, hasken taga ya haɗiye su. Na biyu kuma wani ɗalibi ne ya turo mini fayil ɗin rahoton manhajarsa cikin dare, hankalinsa a tashe, yana tsammanin cuta ce ta shiga kwamfutar, don kowane layi cike yake da tarkace irin su [31m da [0m. Ba cuta ba ce. Launin da ya sa ne da hannunsa, ya zube cikin fayil inda babu allon da zai fassara shi.

Farkon labarin sananne ne. Taminal ta fara ne a matsayin injin buga rubutu a takarda, irin Teletype Model 33 na 1963, wanda ke ƙarshen wayar da ta taso daga babbar kwamfuta, kamar yadda Taminus ɗinmu take inda layin dogo ya tuƙe. A jerin haruffan ASCII, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, an ware lamba 27, harafin ESC, don ya sanar da na'ura cewa abin da ke biye umarni ne. Da allo ya maye gurbin takarda, kowane kamfani ya ƙirƙiro nasa umarnin, har aka gaji aka zauna aka daidaita: ECMA-48 a 1976, ANSI X3.64 a 1979, sannan taminal ɗin VT100 ta 1978 ta yaɗa tsarin. Abin riƙewa a nan guda ne: umarnin launi a cikin rubutun kansa yake tafiya, hanya ɗaya suke bi. Shi ya sa ɗalibina ya tsince shi a fayil.

Gaɓar da ba a cika tsayawa a kanta ba tana tsakanin 1981 da 1983, kuma a ganina nan ne aka shuka abin da muke girba.

Ƙa'idar, a bugunta na baya, ta ware lambobi takwas don launin rubutu: 30 baƙi, 31 ja, 32 kore, 33 rawaya, 34 shuɗi, 35 shunayya, 36 ruwan sararin sama, 37 fari, sai 40 zuwa 47 don launin bayan rubutu. Takwas ɗin ba zaɓin son rai ba ne. Allon launi da haske uku yake aiki, ja da kore da shuɗi, kowanne a kunne ko a kashe, lissafin ya ba da takwas cif. Amma ƙa'idar suna kawai ta kira. Ta ce shuɗi, ba ta ce wane shuɗi ba, na babbar rigar da ta fito daga marina ne ko na sama bayan an ɗauke ruwa. Wannan ta bar wa mai taminal. Haka nan lamba 1, an ce tana nufin rubutu mai kauri ko mai ƙarin haske, an bar wa kowace na'ura ta yi wanda za ta iya.

Ana cikin haka kwamfutar IBM PC ta fito a 1981 da katin launi mai suna CGA. Katin yana ba kowane harafi a allo bayit ɗaya tak, wato bit takwas masu kunnuwa ko kashewa, don adonsa: bit huɗu na launin rubutu, uku na launin baya, ɗaya na ƙiftawa. Bit na huɗu a na rubutun shi ne na ƙarin haske, da shi launuka takwas suka zama sha shida. Babu gurbin harafi mai kauri, ƙarfin na'urar ke nan a lokacin. To da MS-DOS 2.0 ta zo a 1983 da ANSI.SYS mai fassara waɗancan lambobi, sai lamba 1 ta zama "ƙara haske" kawai. Kuma a wannan allo rawayar lamba 33 ruwan ƙasa take fitowa, sai ka haɗa ta da 1 kafin ka ga rawaya ta gaske. Farin lamba 37 ruwan toka ne. Shuɗin 34 kuwa duhu gare shi sosai, ga shi dama idon ɗan Adam ba ya samun haske mai yawa daga shuɗi: a ma'aunin da ake amfani da shi yau, kore na ba da kusan kashi 72 cikin ɗari na hasken fari, ja kusan 21, shuɗi 7 kacal.

Miliyoyin mutane a kan wannan allo suka koyi launi, ciki har da masu zane da haruffa a dandalin BBS, wuraren musayar saƙo da ake shiga ta layin tarho, na shekarun 1980 da 1990. Abin da ya kasance dabarar na'ura ɗaya sai ya koma al'ada, al'adar kuma aka riƙe ta kamar ita ce ƙa'idar: baya baƙi ne, 1 haske ne, wanda ke son shuɗin da za a iya karantawa ya rubuta 1 da 34 tare. Ku duba abin da ls ke aikowa a yawancin Linux idan za ta nuna babban fayil: 01;34. A allon da ke bin tsohuwar al'ada, shuɗi mai haske ne. A taminal ɗin da ke ɗaukar 1 a matsayin kauri zalla, kamar tawa a ranar, shuɗi ne mai duhu da aka ƙara wa jiki. Kowannensu yana kan ƙa'ida. Ɗalibata dai ba ta ga komai ba.

Abin da ke damuna a nan shi ne manhaja makauniya ce, magana take yi ba ta ganin fuskar mai sauraro. Ba ta san ko bayan allonka fari ne ko baƙi ba, ba ta san ka rage haske don batir ya kai ka yamma tun da wuta ta ɗauke ba. Tun 1978 akwai termcap da Bill Joy ya rubuta a Berkeley, daga baya terminfo, waɗanda aikinsu shi ne manhaja ta tambaya me wannan taminal ke iyawa kafin ta aika komai. Da kusan kowa ya koma yare ɗaya, sai mu masu rubuta manhaja muka ga tambayar ɓata lokaci ce, muka riƙa cusa lambobin kai tsaye, muna gwadawa a allonmu, in ya yi mana kyau shi ke nan.

Sauran tarihin ƙari ne a kan wannan. A 1999 manhajar taminal mai suna xterm ta samu launuka 256, daga baya aka kai ga fiye da miliyan 16 ta hanyar lamba 38;2. Wannan ya sauya wani abu da ba a cika faɗa ba. Idan manhaja ta aiko 31, mai kwamfuta ne ke zaɓar irin jan da idonsa ke iya gani, daga saitinsa. Idan ta aiko ja mai cikakken lissafi, zaɓin ya bar hannunsa. Mai matsalar rarrabe ja da kore, wadda ita ce ta fi yawa cikin matsalolin ganin launi kuma ta fi kama maza, shi ya fi jin wannan a jikinsa. Git, mai adana tarihin sauye-sauyen manhaja, ya fara nuna launi da kansa a 2013, GCC, mai fassara rubutun manhaja zuwa yaren na'ura, ya samu saƙonnin kuskure masu launi a 2014, taminal ɗin Windows 10 ta fara fahimtar lambobin a 2015. Zuwa 2017 sai ga shawarar NO_COLOR, wadda ke roƙon kowace manhaja ta kashe launi idan mai kwamfuta ya sa wannan alama.

Ni ina son launi, kuma ina koyar da shi. Layi ɗaya ja a cikin layi ɗari uku ya sha ceto ni daga kwana a gaban allo. Abin da nake nema daga ɗalibaina shi ne su rubuta kalmar "kuskure" a gaban jan, su tsaya kan launuka takwas ɗin nan in ba dole ba, su rufe kowane launi da 0, lambar da ke mayar da rubutu yadda yake, kuma su sa manhajar ta duba da isatty ko allo take yi wa magana ko fayil.

Ɗalibin nan ya ƙara layi biyu, washegari ya turo rahoto tsaf babu tarkace, ya rubuto, "Malam, ashe ni na zuba su." A kwamfutar aji kuma na shiga saiti na sauya shuɗin zuwa mai haske, muka rataya zani a tagar da ke kusa da majigi. Har yau ls 01;34 take aikowa, kuma 'yan kujerun baya suna karanta sunayen.