Batirin motar gida da watannin ajiya: amsa ɗaya, kowa ya karanta

Duk shekara idan sanyi ya ja baya a nan arewacin Amurka, wayata ba ta hutawa. Mutum ya kulle motar gidansa, wato mota mai ɗakin kwana a ciki wadda a nan ake ce wa RV, tun Nuwamba, ya dawo Afrilu ya murɗa makulli ya ji shiru, sai ya tuna da ni. Bakina ya gaji. Ga amsoshin, wanda ya sake tambaya zan tura masa wannan.

Na kashe komai, me ya sha batirin?

Ba ka kashe komai ba. Na'urar gano yoyon gas tana aiki, rediyo yana riƙe da agogonsa, allon firji yana jan tasa. A ce duka suna jan amfiya 0.1 kawai: sau awa 24, amfiya-awa 2.4 ke nan a rana. Batir mai amfiya-awa 100 ya kai rabi cikin mako uku. Sannan ko ba a jona masa komai ba, batirin ruwa yana zubar da cajinsa da kansa a hankali.

Ai akwai makunnin da ke yanke batirin gaba ɗaya.

A motoci da yawa masu ƙera su sun bar na'urorin gargaɗi a waje da wannan makunnin. Ɗauko sifana ka cire wayar da ke gefen alamar (−) daga kan batir. Ta gefen (−) ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe.

Batir nawa ne a ciki?

Malam, ka sayi mota ba ka san wannan ba? Kashi biyu ne: na tayar da inji, da na ɗaki mai ba fitilu da famfo wuta. Mutane suna lallaɓa ɗaya su manta da ɗayan.

In riƙa tayar da inji minti goma duk mako?

A'a. Abin da sitata ta zuƙa ma da kyar ka mayar, ga raɓa da ka tara a salansa. Bar ta ta huta.

To in bar ta a jone da wutar gida duk tsawon sanyin?

Nan ne ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, domin ya danganta da cajar da ke cikin motarka. Tsofaffin motoci da yawa suna da caja mai mataki ɗaya, wadda ke tsayawa wajen volt 13.6 dare da rana. Wata biyar a haka, ruwan batir ya ƙafe. Na taɓa buɗe murfin wani batir da aka yi wa wannan gatan, na haska tocila, na tarar da farantan a bushe sun yi fari fat, mai shi yana tsaye yana rantsuwa bai taɓa cire fulogi ba. Na ce ai shi ne ya kashe shi.

Idan cajarka mai mataki uku ce, wadda ke sauka zuwa wajen 13.2 bayan batir ya cika, to ana iya barinta a jone. Amma da sharaɗi. Ka duba ruwa duk wata idan batirin mai murfi ne, ka ƙara tataccen ruwa zalla, wato distilled water, ban da na famfo. Ka kuma tabbatar ko cajar tana kai wuta ga batirin inji, don a motoci da yawa na ɗaki kaɗai take ciyarwa. Sannan wutar wurin ajiya tana iya yankewa ba wanda ya sani, kai kana gida hankali kwance. Sola ma haka: tana taimakawa idan da na'urar daidaita caji, amma ranar da dusar ƙanƙara ta rufe farantin, aiki ya tsaya.

Idan kuwa batirin lithium ne, ba na ruwa ba, maganar ta canza. Shi ba ya son a ajiye shi cike maƙil wata da watanni. Wajen rabi ko sama kaɗan ya fi masa daɗi, kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, sai dai mai abin ɗumama kansa. Duba takardar da ya zo da ita. Ni dai idan ba zan iya leƙa mota duk wata ba, cika batirin ruwa nake yi, in ciro shi, in kai gareji in sa masa ƙaramar caja mai yanke kanta.

Ance kada a ɗora batir a kan siminti.

Zancen zamanin kakanni ne, lokacin da ba da irin robar yanzu ake yin jikin batir ba. Ɗora abinka.

Sanyi zai fasa shi?

Cikakke ba ya daskarewa a irin sanyin da muke gani. Wanda cajinsa ya ƙare, ruwan cikinsa ya koma kusan ruwa zalla, shi ne ke zama ƙanƙara ya tsage. Kada ka kuskura ka sa wa daskararren batir caji.

Yaya zan san halin da yake ciki?

Sayi mitar auna volt, ba ta kai kuɗin man rabin tanki ba. Bayan batir ya huta wasu awoyi: 12.6 ko sama, lafiya lau, 12.4, yi masa caji, 12.2, ya kai rabi, ka yi sakaci.

Nawa ya nuna 10 da ɗoriya. Ya mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka tukuna. Idan kwanaki kaɗan ya yi a haka kuma jikinsa bai kumbura ba, yi masa caji a hankali, ka bar shi ya kwana, ka sake aunawa. Idan tun Disamba yake a haka, tanadi kuɗin sabo, kuma ka tafi da tsohon shagon, za su rage maka wani abu.