Rage zafin naƙuda ga macen da aka yi wa tiyatar haɗe ƙashin baya

Tiyatar haɗe ƙashin baya aiki ne da ake manne gaɓa biyu ko fiye na ƙashin baya su zama ƙashi guda, galibi da sandunan ƙarfe da ƙusoshi masu zare, tare da ɓarɓashin ƙashi da ake dasawa a tsakani. Macen da aka yi wa wannan aiki tana ɗaukar ciki, kuma mafi yawan lokuta tana iya haihuwa da kanta, domin ƙarfen shi kaɗai ba ya wajabta a yi mata fiɗa. Abin da tiyatar take taɓawa shi ne allurar baya, wadda ita ce hanya mafi ƙarfi ta kashe zafin naƙuda. Allurar tana yin wuya a irin wannan baya, wani lokaci ta ƙi kamawa, amma sau da yawa tana yiwuwa. Abin da ke raba gardama shi ne gaɓar da ƙarfen ya tsaya a kanta.

Wa ake yi wa tiyatar

Dalilin da ya fi shafar mata masu shekarun haihuwa shi ne karkacewar ƙashin baya zuwa gefe, wadda kan bayyana wajen balaga kuma ta fi tsananta ga 'yan mata. Akwai karaya daga haɗarin mota ko babur, akwai zamewar wata gaɓa a kan ta ƙasa da ita, sai tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke cinye gaɓoɓi ya bar ƙusumbi. Likitan ƙashi Paul Harrington na birnin Houston a Amurka ne ya ƙirƙiro sandar ƙarfen da ta yaɗu a shekarun 1960. A shekarun 1980 tsarin Cotrel da Dubousset na Faransa ya biyo baya, kuma yau an fi amfani da ƙusoshin da ake ɗaurawa a cikin kowace gaɓa.

Inda zafin yake bi, da inda allura take shiga

Ƙashin baya yana da gaɓa 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a kwankwaso, sannan faffaɗan ƙashin da ke tsakanin ɗuwawu. Likitoci suna kiran na ƙirji T1 zuwa T12, na kwankwaso L1 zuwa L5, na ƙasa kuma S. Zafin farkon naƙuda, lokacin da bakin mahaifa ke buɗewa, yana shiga laka ta jijiyoyin T10 zuwa L1. Zafin yunƙuri, lokacin da kan yaro ke saukowa, yana bi ta S2 zuwa S4.

Laka a jikin babba tana ƙarewa a daidai L1 ko L2. Saboda haka ake soka allurar baya ƙasa da nan, a tsakanin L3 da L4 ko L4 da L5, wani lokaci L2 da L3. Likitan sa barci yakan dafa saman ƙasusuwan ƙugu biyu da hannuwansa; layin da ya haɗa su yana ratsa wajen L4. Matar da haɗinta ya tsaya a T12 ko L1, ko ma L2, tana da gurabe a buɗe ƙasa da ƙarfen. Wadda nata ya sauka har L4 ko L5 gurbinta ya ƙuntata ƙwarai. Tsawon tabon da ke fata ba ya nuna wannan daidai, domin tabo yakan zarce inda ƙarfe ya ƙare. Hoton ƙashi na bayan tiyata ne ke nunawa.

Akwai kuma bambancin ta inda aka shiga. In ta gefen ƙirji ko ciki aka yi aikin, hanyar allura ta baya tana nan yadda Allah ya halicce ta. In ta baya aka tsaga, nan ne matsalolin ke taruwa.

Allurar efidural

Efidural ita ce zuba maganin kashe zafi a wani siririn fili da ke wajen jakar da ta lulluɓe laka. Ana shiga da allura mai kauri, lamba 16 ko 18, a zura siririyar roba ta cikinta kamar santimita 4 zuwa 5, a zare allurar a bar robar, ana ƙara magani har a haihu. Maganin da aka saba shi ne bupibaken mai rauni, wajen kashi 0.1 cikin ɗari, haɗe da ɗan fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi.

Likita ba ya ganin wannan fili da ido, da yatsa yake gane shi. Yana tura allura yana danna sirinji mai ruwan gishiri. Muddin bakin allurar yana cikin wata jijiya mai tauri da ake kira rawayar jijiya, sirinjin ba ya motsi. Da ta ratsa, sai ya saki nan take. A bayan da aka tsaga, wannan jijiya takan lalace ko tabo ya maye gurbinta, sai alamar ta ɓace ko ta zo a inda ba daidai ba. Daga nan abubuwa uku ke faruwa. Allura takan ci karo da ƙashin dashe ta rasa hanya, a yi ta sake soki. Takan zarce ta huda jakar laka. Ko kuma roba ta shiga lafiya, amma tabon ciki ya tare maganin, sai gefe ɗaya ya mutu ɗaya yana ciwo, ko a sami wani wuri kamar tafin hannu a mara da zafi bai bari ba.

In karkacewar ba ta miƙe duka ba, gaɓoɓin suna nan a murɗe: ƙusoshin ƙashi da ake tattaɓawa a tsakiyar baya sun karkata wajen cikin lanƙwasar, don haka ake nufar da allura wajen da bayan ya turo. Duba bayan da na'urar sikanin kafin soki yana taimakawa wajen gano gurbin da ke buɗe da zurfinsa.

Dabarar da ta fi amfani ita ce a sa robar da wuri, tun naƙuda ba ta yi tsanani ba. Matar tana iya zama shiru ta lanƙwasa, likita yana da lokacin nema, kuma in allurar ba ta kama ba za a gane tun ana da sararin sake shawara. Mai haɗaɗɗen baya ba ta iya lanƙwasawa kamar kowa, kada a matsa mata. Ta zauna a bakin gado, ƙafafu a kan kujera, ta rungumi matashi, ta saki kafaɗu. Iyakar abin da bayanta ya bayar shi ke nan.

Allurar cikin ruwan laka

Wannan ita ce wadda mata suka fi sani da sunan allurar baya, wadda ake yi a ɗakin tiyata. Ana amfani da siririyar allura, lamba 25 ko 27, mai baki irin na fensir, a shiga cikin jakar da gangan. Alamarta ba ta da ruɗani: ɗigon ruwa garai-garai ya fito a gindin allurar. Da yake maganin yana gauraya da ruwan laka ne, tabon da ke waje ba ya tare shi, shi ya sa ta fi efidural tabbas a bayan da aka yi wa aiki. In haɗin ya sauka ƙasa sosai, likitoci sukan nemi gurbin L5 da S1, wanda ya fi sauran faɗi kuma sau da yawa ba a haɗe shi.

Don naƙuda ana ba da kaɗan, kamar miligiram 2.5 na bupibaken da maikirogiram 25 na fentanil. Tana kamawa cikin mintuna kaɗan, amma takan sake bayan awa ɗaya zuwa biyu, don haka ta fi dacewa da wadda haihuwarta ta kusa. Don fiɗa ana ba da wajen miligiram 10 zuwa 12.5 na bupibaken mai nauyi, kuma dole mutuwar jiki ta kai daidai kan nono, wato T4, kafin a sa wuƙa. A karkataccen baya magani mai nauyi yakan gangara gefe ɗaya, don haka a gwada ɓangarorin biyu da ƙanƙara ko auduga mai sanyi. Jini yakan faɗi bayan allurar. Ana tare wannan da ƙarin ruwa, da karkata matar hagu, da allurar ɗaga jini irin su efedirin.

Akwai lokutan da ba a taɓa baya sam, da ƙarfe ko babu: ƙurji ko ƙwayar cuta a wurin soki, zubar jini mai yawa, da ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini, musamman in sun sauka ƙasa da wajen 70,000. Wannan na ƙarshe yana zuwa da hawan jinin masu ciki da jijjiga, waɗanda ba baƙi ba ne a ɗakunan haihuwa na Arewa. Mai allurar tsinka jini ta hefarin mai sauƙi tana jiran awa 12 bayan ƙaramar allurar hefarin, awa 24 bayan babba, kafin a soki bayanta.

Hanyoyin da ba su bi ta baya ba

Waɗannan ba ruwansu da ƙarfe. Petidin miligiram 50 zuwa 100 a tsoka, ko pentazosin miligiram 30, ko taramadol miligiram 100, suna dusashe zafi, ba su kawar da shi. Suna kawo jiri da amai, kuma suna ƙetarawa zuwa ga jariri. Petidin ya fi danne numfashin jariri in an haihu awa ɗaya zuwa huɗu bayan allurar, saboda haka a rubuta lokacin da aka yi ta, a tanadi nalokson, makarin petidin, da jakar hura numfashi. Parasitamol giram 1 ta jijiya yana ragewa kaɗan ba tare da wannan haɗari ba. Dikulofenak da ibuprofen ba a ba mai tsohon ciki, domin suna iya rufe wata hanyar jini a zuciyar ɗan tayi kafin lokacinta. Bayan haihuwa suna da amfani in babu zubar jini ko matsalar ƙoda.

Iskar shaƙa ta Entonox rabi naitiros oksaid ce rabi oksijin. Matar ce ke riƙe abin shaƙar da hannunta, ta fara ja da zarar ta ji mara ta soma ɗaurewa, domin iskar tana ɗaukar wajen daƙiƙa 30 kafin ta kama. Remifentanil kuwa, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ana ba da shi ta jijiya da injin da matar ke dannawa, maikirogiram 20 zuwa 40 kowane danni, injin ya kulle na minti biyu. Shi ne mafi kusa da efidural ga wadda bayanta ya rufe, sai dai yana iya tsayar da numfashi, don haka sharaɗinsa ungozoma ɗaya da ba ta barin gefen gadon, da na'urar auna oksijin a yatsa. Ba kowane asibiti ke da waɗannan biyu ba.

A lokacin yunƙuri, likitan mata yana iya kashe jijiyar da ke kai wa gaba, da lidoken na kashi 1 cikin ɗari, mililita 10 kowane gefe. Wannan ya isa a yi ƙari, ko a jawo yaro da na'ura, ko a yi ɗinki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta amince da tausa, da gasa baya da tsumma mai ɗumi, da barin mace ta zo da wadda ta zaɓa ta tsaya mata. Fatar da ke gefen tabo takan zama ba ta ji sosai, don haka mai gashin ta fara gwada ɗumin a hannunta.

In fiɗa ta kama, baya kuma ya ƙi

Sai a sa barci gaba ɗaya. Ana ba da maganin rage tsamin ciki tukuna, domin amai na iya komawa huhu. Wadda aka haɗe mata gaɓoɓin wuya, sa mata bututun numfashi yana da wuya, kuma wadda karkacewarta ta matse ƙirji huhunta ba ya buɗewa sosai. Dukansu biyu a auna su tun ana awo.

Shiri a Sakkwato

Irin wannan ciki na babban asibiti ne mai likitan sa barci dare da rana, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba na haihuwar gida ko ƙaramin asibitin ƙauye ba. Tun zuwan farko awo ta faɗa cewa akwai ƙarfe a bayanta, ta nemi a haɗa ta da likitan sa barci wajen wata na shida ko na bakwai. Ta riƙo takardar bayanin tiyatar da hotunan ƙashi. Da yawa an yi musu aikin ne a wani gari, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu a Indiya ko Masar, kuma fayil ɗinsu yana can. A nemo shi da wuri, a ɗauki hotonsa a waya. Shawarar da aka yanke a rubuta ta a katin awo: hanya ta farko, da wadda za a koma in ta ƙi.

Goyon ciki yakan rushe wannan shiri ba da niyya ba. Mai cikin fari ta koma gidan iyayenta a Tambuwal ko Gwadabawa ko Isa, ta bar likitan da ya san bayanta a birni, naƙuda ta taso da tsakar dare. Ya dace miji da iyaye su zauna tun wata na bakwai su tsayar da inda za ta haihu da motar da za ta kai ta. Kunya ma tana da nata: an horar da mace ta danne zafi ta yi shiru, amma likita ba shi da hanyar sanin allura ta kama gefe ɗaya sai ta faɗa, ta nuna wurin da yatsa.

Bayan haihuwa

In allura ta huda jakar laka, ciwon kai yakan biyo baya cikin kwana ɗaya zuwa biyar. Yana tsananta in ta zauna ko ta miƙe, ya lafa in ta kwanta. Ana fara shi da kwanciya, parasitamol, shan ruwa da kofi. In ya ƙi, ana ɗibar jininta mililita 15 zuwa 20 a zuba a filin efidural ya toshe hujin, kodayake tabo yana sa wannan ma ya yi wuya.

Kada a fara wankan jego da ruwan zafi sai ji ya dawo ƙafafu gaba ɗaya, kuma kada a watsa shi kan ɗinkin fiɗa. Ƙafa da ke ƙara mutuwa maimakon farfaɗowa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi da ciwo mai tsanani a wurin soki, alamu ne na jini ko mugunya da suka taru suna danne jijiya. Wannan ana komawa asibiti ne a cikin sa'o'i, ba a jira gari ya waye.