Ginin Ƙasa na Zamani

Ginin ƙasa na zamani reshe ne na tsarin gine-gine mai kiyaye muhalli, wanda ke amfani da ƙasar da ke kusa da wurin aiki a madadin bulon siminti, ya kuma tsara ɗakuna yadda iska da inuwa za su sanyaya su ba tare da dogaro da wutar lantarki ba. Ya farfaɗo ne saboda masana'antar siminti kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, ga tsadar simintin kansa, ga kuma zafin ɗakin bulo mai rufin kwano a lokacin bazara.

Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya raba. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke ɗora tubali da kauri, su rufe da azara, su shafe da makuba. Raunin wannan gini dai ruwa ne, domin yana bukatar yaɓe kafin damina, in an yi sakaci kuma bango ya zaizaye. Magina na yau suna magance hakan ta hanyar gauraya jar ƙasa da ɗan siminti, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, su matse ta a injin hannu, su bar bulon ya bushe ba tare da an gasa shi ba. Irin wannan inji, mai suna CINVA-Ram, an ƙirƙiro shi a Kolombiya a shekarun 1950.

Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda mai tsara gine-gine Francis Kéré ya kammala a 2001, ita ce ta fi jawo hankalin duniya. Ya ɗage rufin kwano sama da silin ƙasa mai ƙananan ramuka, don iska mai zafi ta samu mafita. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta tsarin gine-gine a 2004, Kéré kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu tsara gine-gine, a 2022.

A ƙasar Hausa, misalin da ya fi fice shi ne cibiyar Hikma da ke Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, wadda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018. Maimakon a rushe tsohon masallacin garin, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar kusan mutum 1,000 da bulon ƙasa matsattse. Barin tsohon gini a tsaye shi ma tanadi ne, ko da yake ba kasafai ake lissafa shi ba.

Babban cikas ga wannan salo shi ne yadda mutanen birni da yawa ke kallon gidan ƙasa a matsayin alamar talauci. Don sauya wannan kallo ne Mariam da abokan aikinta suka gina rukunin gidaje shida masu bene na Niamey 2000 a Yamai a 2016, da bulon ƙasa, domin masu matsakaicin samu.